Ranar da Studenac Ta Yi Ja

Stipe Marić ne ya fara gani. Da safiyar Litinin ya sauko da bokitin abincin kifi, ya tarar da tafkunansa shida sun yi fari fat. Ya ɗauka kumfa ce. Da ya matsa sai ya ga cikin kifi ne, dubbai, duk sun juya sama. Kafin rana ta take tsaka an ɗauki 'yarsa Ivka zuwa asibiti a Mostar, tana amai, jikinta na rawa, ga ciki wata bakwai. Ita ce ke ɗibar ruwan sha a bakin Studenac kowace safiya, don ta ce na famfo ƙarfe yake yi mata a baki.

Studenac ita ce idon ruwan garinmu, Lozna. A wajenmu ruwa ba ya zama a saman ƙasa. Ana yin ruwan sama sai duwatsu su shanye, ya bi ta ƙarƙashi inda ba mai gani, ya ɓullo inda ya ga dama. Namu a Studenac yake ɓullowa, a gindin dutse, da sanyi mai kashe haƙori.

Kafin ɗan sanda Božo ya gama ɗaura igiya a wurin, mutanen Lozna sun riga sun yanke hukunci: aikin Sabit majemi ne. Shekara shida ke nan da ya dawo ya gyara kangon ubansa a kan tudu, gidan da ya bari lokacin yaƙi. Yana wanke fatun tumaki a ƙoramar da ke faɗawa wani rami a bayan gidansa, wanda ake kira Ponor. Kuma ko yaron goye a Lozna ya san ruwan Ponor a Studenac yake fita. Kakan Stipe ya taɓa zuba buhun ƙaiƙayi a can, bayan kwana biyu mata suka ga ƙaiƙayi yana yawo a Studenac. Shekara tamanin ana ba da wannan labari.

*

Ranar Laraba hukumar ruwa ta turo mai bin sawun ruwa, sai ga shi 'yar gida ce. Dunja Radman, marainiyar da Mijo, ƙanen uwarta, ya riƙe tun tana shekara biyar. Ta sauke akwatunanta a tsakar gidan da ta girma.

"Ga injiniya! Ruža, fito ki ga injiniya," in ji Kawu Mijo. Ya rungume ta har ƙafarta ta bar ƙasa. "Ba sa ba ki abinci a birni ne? Dubi wuya kamar na kaza."

"Kawu, kai ma ai ka rame."

"Tsufa ne, 'yar nan."

Inna Ruža, matarsa, ta kawo kofi da pita, gasasshen burodi mai cuku. Ta zauna tana ƙorafi kamar yadda ta saba. Gwiwarta, tsadar gishiri, da Mijo da ya kwashe watan jiya yana share tsohon siton ƙungiyar manoma don a samu wurin ajiye motar kwana-kwana, ya dawo mata da kaya masu wari. Shi ne direban motar, aikin sa-kai, shekara ashirin.

"Ga tattabaru ma sun guje ni," ta ce. "Mako uku ina watsa musu hatsi a bayan gida, ko ɗaya. Kaji ne kawai ke cin daɗi."

"Ke da tattabarunki," in ji Mijo. Ya juya wajen Dunja. "Aikinki ba wuya. Zuba abinki a ramin majemi, kowa ya gani, a wuce wurin."

"In can ne."

"To ina ne, in ba can ba?"

Bai ci pitar ba. Dunja ta lura, amma ta ɗauka damuwar Ivka ce.

*

Washegari ta hau tudu da Božo. Tagogin Sabit biyu an toshe su da kwali. Yana zaune a bakin ƙofa da fatar rago a cinya, bai tashi ba.

"'Yar Marica ce? Kin ɗauko goshin uwar taki." Ya nuna musu benci. "Kofi?"

"Wa ya fasa maka taga, Baba Sabit?"

"Iska."

Božo ya sosa ƙeya. "Ban samu wanda ya gani ba."

"Ai ba za ka samu ba, maƙwabci, kada ka wahalar da takalminka." Sabit ya ci gaba da kankare fatar. "Mutanen gari sun aiko mini. Lahadi ta sama, bayan an fito daga coci, in sun hau suka same ni, ba su da alhaki. Matata ta ɗaure kaya tun jiya. Na ce mata ta kwance. Na taɓa barin gidan nan sau ɗaya da kaya a ka."

"Da me kake jima?"

"Gishiri, alif, ɓawon itace. Abin da ubana ya yi da shi. Shiga ki duba, har ƙarƙashin gado."

Ta duba. Ba ta ga komai ba sai abin da ya faɗa. Daga nan ta sa safar hannu, ta dama garin rini a duro, ta tuntsurar da shi a bakin Ponor. Ƙoramar ta koma kore shar, ta karkaɗa, ramin ya haɗiye. Rinin ba ya cutar da kowa, aikinsa kawai ya nuna inda ruwa ya bi. Tun da safe ta riga ta ɗaɗɗaure ƙananan jakunkunan gawayi a kowane idon ruwa da ke kewaye da dutsen, guda tara, har na ƙetaren tsauni. Gawayi yana kama rini ko da ido bai gan shi ba.

Sabit ya kalli ramin. "Yanzu ruwa ne alƙalina?"

"Shi ne, Baba."

"To, gara shi."

*

Sakamakon gwaji ya zo ranar Juma'a. Maganin kaskar tumaki ne ya kashe kifin, irin na da, wanda aka hana sayarwa shekara talatin da suka wuce.

Božo ya yi murna. Ya ce ya tuna akwai ganguna a bayan siton Stipe, kuma an san Stipe da surukinsa ba sa ga maciji tun da aka raba tafkuna, wataƙila ya so ɓata na surukin ne abin ya koma kansa. Suka je. Stipe ya buɗe musu gangunan da kansa, yana huci. Farar ƙasa ce ta wanke tafki.

"'Yata na kwance da robobi a hanci, ni kuke bincike?" Ya doki ganga da ƙafa. "Maganin tumaki aka ce! Wa ke wasa da fatar tumaki a garin nan? Ke Dunja, a kan cinyata kika ci kifi kina ƙarama. Kada birni ya mantar da ke su wane ne naki."

"Ban manta ba, Baba Stipe. Ruwa nake jira."

"Jira. Mu Lahadi muke jira."

Kullum safe da yamma tana ɗibar ruwan Studenac a kwalba, ta haska shi da fitilar aikinta. Asabar ba komai. Lahadi ba komai. Litinin ba komai. A kanti mata sun daina amsa gaisuwarta da kyau. Ranar Talata wani mai injin niƙa ya bugo waya daga Brina, can ƙetaren tsauni, yana tambaya ko su ne suka mayar masa da ruwa kamar na miyar ganye. Ta je ta gani da idonta. Ruwan Sabit bai taɓa zuwa Lozna ba. Baya ya juya mata, ya tafi wani kwari.

Ta kai takarda mashayar gari inda maza ke taruwa da la'asar. Ba wanda ya karɓa.

"Ruwa ai hanya biyu yake yi."

"Rininki ne ya ɓata hanya."

"Ƙaiƙayin kakan Stipe fa? Shi ma injiniya ne ya ƙirƙiro shi?"

Aka yi dariya. Kawu Mijo na zaune a kusurwa da kofin barasar rakija a gabansa. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba, bai kuma ɗago kai ba.

*

Mutum ɗaya ya rage a Lozna wanda ya ga ƙaiƙayin nan da idonsa. Tsohuwa ce, Baba Anđa, shekararta casa'in da ɗaya, tana zaune a rana tana ɓare wake.

"Na gani mana. Ina 'yar yarinya, na je ɗibar ruwa. Ƙaiƙayi ya rufe Studenac. Tsohon nan ya yi ta rawa yana cewa ya gano hanyar ruwa. Aka yanka masa rago."

"Sau ɗaya aka gani?"

"Sau ɗaya aka yanka rago. Ƙaiƙayi kam duk shekara yana fitowa, in an yi ruwan farko bayan sussuka. Har na yi aure ina ganinsa."

Dunja ta ajiye alƙalaminta. "Duk shekara yake zubawa?"

"Wa? Wannan marowacin? Buhu ɗaya ma sai da ya yi ta mita." Tsohuwar ta yi dariya ba haƙori. "Mu dai mata mun sha cewa abin da mamaki. Amma wa ke tambayar mata?"

"Baba, a ina kuke sussuka a lokacin?"

"A masussukar da, mana. Gefen Golubinka. In mun gama mu share ƙaiƙayi mu tura a ramin. Komai ai can ake turawa, mushen jaki, fasasshen tulu. Ba shi da gindi, 'yar nan. Abin da ya shiga Golubinka ya tafi ke nan."

Golubinka, ramin tattabaru. Busasshen rami ne a bayan tudun gabas, ba ƙorama, ba ɗigon ruwa, shi ya sa Dunja ba ta ma sa shi a lissafinta ba. Yana tsakiyar makiyayar Kawu Mijo.

*

Ta je ita kaɗai ranar Alhamis da hantsi. Tana ƙarama, in ta jefa dutse a ramin nan, tattabaru ɗari ne ke tashi a fuskarta har ta faɗi zaune. Ta ɗauki dutse ta jefa. Ta ji shi yana bugun bango, yana bugu, har sautin ya ɓace. Ba abin da ya tashi.

Ta kwanta rub da ciki ta leƙa da tocila. A kan wani tudun dutse, kamar tsayin mutum uku ƙasa, ga su nan a zube, fuka-fukai a buɗe, sun bushe. Wani wari mai kama da tafarnuwa da kananzir ya bugi hancinta, idonta ya kawo ruwa. A gefen gawarwakin akwai murfin ganga mai tsatsa.

Ta tashi ta duba ciyawa. Ƙasa ta riƙe sawun mota tun lokacin laka, mota mai taya bibbiyu a baya, ta zo da baya har bakin ramin. Mota ɗaya ce a Lozna mai irin wannan taya, motar kwana-kwana. Dunja ta koyi tuƙi a cikinta.

Ta zauna a kan dutse har rana ta karkata. Tana iya rubuta cewa ba a gano ba. Ana rubuta haka, ba sau ɗaya ba. Ta riga ta wanke Sabit a takarda. Sai dai takardar tana nan a kan teburin mashaya, an ɗora mata kofi, kuma saura kwana uku Lahadi.

*

Ta same shi a sabon garejin yana goge motar.

"Kawu, gobe ina son tankin ruwa. Cike."

"Ina za a kai?"

"Golubinka. Busasshe ne, rini ba zai tafi ba sai an kora shi da ruwa."

Hannunsa ya tsaya a kan ƙarfen.

"Wannan ramin ba ya zuwa ko'ina."

"To ba abin da za a gani."

"Uwarki ma can ta jefa katifar da kakarki ta mutu a kai. Kowa yana jefawa." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ganguna huɗu ne, Dunja. Sun tsatsa, suna yoyo a ƙasan sito, yara na wasa a wurin. Na buga waya gunduma sau biyu, aka ce a jira. Na ce bari in kawar da su inda ba za su taɓa kowa ba."

"Da kifi suka mutu fa?"

"Na ce ba ni ba ne. Ai Ponor ne ke zuwa Studenac, kowa ya sani. Na riƙe wannan da hannu biyu. Da rininki ya fita a Brina..." Ya goge fuska da tsumman motar, ya bar baƙi a goshi. "Kwana biyu ban iya haɗiye ruwa ba."

"Ka san wanda ya fasa tagar Sabit?"

"Ina tsaye a wurin."

Ta so ta yi masa ihu, amma abin da ya fito daga bakinta ƙarami ne. "Kawu, zan iya kiran mota daga gunduma. Ba sai kai ba."

"A'a. Ƙarfe nawa?"

Da safe shi ya tuƙa, shi ya ja tiyo har bakin ramin. Wannan karon jan rini ta dama, kuma ta ninka abin da aka koya mata sau biyar, don ba gawayi take so ya gani ba, idon mutane take so. Ya buɗe famfo da hannunsa. Suka tsaya har tankin ya ƙare. A hanyar dawowa suka ji labari: an yi wa Ivka aiki an ciro jaririya, tana cikin kwalba, likitoci ba su ce za ta rayu ba, ba su ce ba za ta rayu ba.

Ranar Asabar aka wuni ana ruwa.

*

Lahadi da sassafe fitilarta ta nuna ɗan ja a kwalba, wanda ido bai isa ya gani ba tukuna. Ta aika Božo ya ɗauko Sabit a motarsa, ita kuma ta tsaya a ƙofar coci. Da aka fito, maza suka nufi hanyar tudu, wasu da sanduna a ƙarƙashin kwat.

"Baba Stipe, Sabit ba ya gida. Yana Studenac. In shi kuke nema, ku zo can."

Suka zo, gari guda. Sabit na tsaye kusa da Božo, hularsa a hannu. Baba Anđa ma an kawo ta a kan kujera. Dunja ta hau dutsen da mata ke ɗora tulu.

"Na zuba kore a ramin Sabit, ya fita a Brina. Kun ce ƙarya ne. Ranar Juma'a na zuba ja a wani ramin. Ba zan ce komai ba. Ku duba."

Suka duba. Ruwa ne garau. Wani ya yi tsaki. Minti goma, ashirin. Stipe ya ce, "Wasa take mana da hankali," ya juya zai nufi Sabit. Sai wata mata ta yi ƙara.

Daga ƙarƙashin dutsen wani zare ja ya fito, siriri, ya miƙe a cikin ruwan. Wani zaren ya biyo shi. Kafin ka ce kwabo Studenac ta koma ja wur, ta gangara cikin tafkunan Stipe da babu kifi, ɗaya bayan ɗaya. Mata suka yi alamar gicciye.

"Wane rami?" in ji Stipe. "Dunja, wane rami ne?"

Ta buɗe baki. Ta hango Inna Ruža a cikin mata, da ɗankwalin zuwa coci, tana kallonta ba ta san komai ba.

"Golubinka," in ji ta.

"Na ce duk shekara yake fitowa," in ji Baba Anđa da ƙarfi, don ba ta ji sosai. Ba wanda ya kula ta. Kowa ya san makiyayar wa ce.

Mijo ya fito daga cikin maza. Ya cire hula. "Ni ne, Stipe. Gangunan tsohon sito. Ni na jefa, da motar gari. Mutumin nan bai san komai ba, kuma na san bai sani ba tun ranar Talata, na yi shiru."

Stipe ya matso har numfashinsu ya haɗu. Tare suka yi makaranta, shi ne abokin angon da ya riƙe wa Mijo kyandir ranar aurensa. Ya ɗaga sandarsa, sannan ya wurga ta cikin jan ruwan.

"Kilo ɗaya da rabi, Mijo," ya ce. "Jikata. Kilo ɗaya da rabi." Ya zauna a ƙasa cikin kayan coci ya rufe fuska.

Mijo ya zaro makullin motar kwana-kwana ya ajiye a kan dutse, ya tafi wajen motar Božo da ƙafarsa, ya buɗe ƙofar baya ya shiga. Mutane suka fara watsewa bibbiyu, kowa na kallon ƙasa. Akwai wanda bai taɓa jefa komai a Golubinka ba? Sandunan suka koma ƙarƙashin kwat. Ba wanda ya ce wa Sabit ya yi haƙuri. Ya mayar da hularsa, ya tsaya a gaban Dunja.

"Ubanki ne, ko ba shi ya haife ki ba."

"Na sani, Baba."

"Zan ce wa matata ta kwance kaya." Ya juya zai tafi, ya waiwayo. "In kin ga Ruža, ki ce mata... a'a, bar shi." Ya kama hanyar tudu a ƙasa, don motar da ta kawo shi ta tafi da wani.

Dunja ta cika kwalba ta ƙarshe, ta rubuta rana da sa'a da sunan ramin. Sai an sauka da igiya an fito da abin da ya rage na gangunan kafin a sake shan Studenac, kuma wannan ma ita za ta rubuta.

Da ta isa gida ƙofar a rufe take, abin da ba ta taɓa gani ba da rana. Akwatunanta na jere a kan dakali. A saman na ƙarshe an ɗora pita a naɗe cikin tsumma mai tsabta, da sauran ɗuminta. Ta ƙwanƙwasa sau biyu.

"Inna."

Ba a amsa ba. Daga bayan gida take jin ƙarar hatsi yana zuba a ƙasa, tafi bayan tafi, da kaji suna rububi.